Yadda ake sauka a babban masauki a Yamai, tun daga kama ɗaki har wurin ninkaya da tausa

Ƙanena ya yi aure bana. Bayan biki ya kira ni ya ce, "Yaya, ina so in kai amaryata Yamai mu yi kwana biyu a masauki mai kyau, irin mai ruwan ninkaya da wurin tausa da gidan abinci a ciki, amma ban san ta inda ake farawa ba." Mun daɗe a waya, daga baya na ga gara in rubuta, don na san ba shi kaɗai ne mai wannan tambaya ba.

Shekara da shekaru ina zirga-zirga tsakanin Tawa da Yamai, wani lokaci taron aiki ya kai ni, wani lokaci in tafi da iyalina. Iri biyu nake gani cikin mutanenmu. Wani ya biya kuɗin ɗaki cif, ya shige ya kulle ƙofa ya kunna kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, gari na wayewa ya fice; karin kumallon da ya riga ya biya bai ci ba, ruwan ko kallonsa bai yi ba. Wani kuma duk abin da ya gani sai ya taɓa, yana zaton kyauta ne, sai ranar tafiya a miƙo masa takardar da ta tayar masa da hankali. Abu ɗaya ya ci su duka biyun, kunyar tambaya. Kuɗin nan da guminka ka samo su, saboda haka ka san abin da ka saya da su.

Abin da za ka tanada kafin ka bar gida

Katin ɗan ƙasa ko fasfo, na kowane baligi da zai kwana a ɗakin. Wanda zai shigo daga wata ƙasa ya haɗa da katin rigakafin shawara, ya kuma zo da mahaɗin caja, don soket ɗin Nijar mai ƙafa biyu zagayayyu ne irin na Faransa.

Kuɗi kashi biyu: na ɗaki daban, na ci da sha da tausa daban. Ni nakan ware aƙalla rabin kuɗin ɗakin a kan na biyun. Ka riƙe tsabar sefa ko da kana da katin banki, don na'urar karɓar kati takan ƙi aiki in rezo ya yi rauni. Ka nemi canji, 'yan dala ɗari-ɗari da jika ɗai-ɗai, saboda ihsani ga ma'aikata.

Kayan shiga ruwa. Namiji ya samu gajeren wando mai kaiwa gwiwa na yadin da ba ya shan ruwa. Mace ta samu rigar ninkaya mai rufe jiki duka da hularta. Yawancin wurare ba sa yarda a shiga da atamfa ko rigar auduga. Sai silifas na roba.

Buta ƙarama da darduma. Kada ka raina wannan. Banɗakin irin waɗannan wurare an gina shi ne a tsarin Turawa, sau da yawa takarda kawai za ka tarar. In ka manta, gorar ruwa da ka shanye ta wadatar. Sai maganin shafawa na sauro, da duk maganin da kake sha kullum.

1. Zaɓi lokaci, unguwa da irin masaukin

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu garin ya fi daɗin zama, sai dai ƙurar hunturu, kuma ruwan ninkaya yakan yi sanyi ƙarara da safe. Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, lokacin ne ruwan ya fi amfani, lokacin ne kuma wuta ta fi ɗaukewa. Da damina gari ya yi kore, kogi ya cika, sauro kuma ya yi yawa.

Masaukan iri biyu ne. Akwai manyan otal-otal. Wasu tsofaffi ne a bakin kogi, kamar Gaweye da ke daf da gadar Kennedy da kuma Grand Hôtel. Wasu kuma, irin su Radisson Blu da Noom da Bravia, sun zo ne da shirin taron ƙolin Tarayyar Afirka da aka yi a Yamai a watan Yulin 2019. Sai kuma gidajen baƙi, wato babban gida da aka gyara aka fitar da 'yan ɗakuna, da lambu da ƙaramin ruwan ninkaya a tsakiya. Irinsu sun fi yawa wajen Filato da Kwara Kano. A babban otal komai na nan, amma kai baƙo ne cikin ɗaruruwa, kuma in ana taro ko biki ba ka da sakat. A gidan baƙi mai dafa abinci zai san sunanka tun daren farko, sai dai wataƙila mai tausa ba ya zaune a gidan, kiransa ake yi. Ga ango da amarya, ko mai iyali da ke son sirri, ni gidan baƙi nake zaɓa masa.

Ka duba kuma inda harkarka take. In tana Harobanda, ƙetaren kogi wajen jami'ar Abdu Mumuni, ka tuna da cunkoson gada safe da yamma.

2. Kama ɗaki, kuma ka yi tambayoyinka tun a waya

Hoto a intanet ba ya nuna wari, ba ya nuna ƙarar gurup, wato injin ba da wuta. Ka kira su da bakinka. In kana da ɗan'uwa a Yamai, ka roƙe shi ya leƙa, gani ya kori ji. Ka yi Hausarka ba tare da jin nauyi ba. Da wuya ka rasa mai jin ta a wurin karɓar baƙi, in wanda ya ɗauka Bazabarme ne bai ji sosai ba zai miƙa wa wani.

Ga abin da nake tambaya, kuma ba na tsallake ko ɗaya. Kuɗin da kuka faɗa da haraji a ciki ko babu? Akwai harajin TVA da ake ɗorawa a kan farashi, ka ga kuwa ba ƙaramin bambanci ba ne tsakanin farashin da aka rubuta wa HT, wanda ba haraji, da wanda aka rubuta wa TTC, wanda ya haɗa komai. Karin kumallo yana ciki? Na mutum ɗaya ko na biyu? Yara fa? Shiga ruwa kyauta ne ga mai ɗaki? Ruwan yana aiki a wannan makon, ko ana gyara? Akwai mai tausa mace ga mata, namiji ga maza? Akwai biki ko taro a ranakun da zan zo?

Sai babbar tambaya: in wuta ta ɗauke, gurup ɗinku yana ɗaukar kilim na ɗakuna, ko fitila da fanka kawai? Na taɓa kwana a wani gida cikin watan Afrilu da ƙaramin ɗana yana jinjiri. Wuta ta tafi tsakar dare, aka tada gurup, fitilu suka kama, kilim shiru. Haka muka kwana ina jiƙa tawul ina shafa masa. Ba su yi mini ƙarya ba, sun ce suna da gurup. Ni ne ban tambayi ƙarfinsa ba.

In kun daidaita, ka ce su turo maka komai a rubuce ta WhatsApp: ranaku, irin ɗaki, farashi, abin da ke ciki. In sun nemi kafin alƙalami, ka tura ta Airtel Money ko Nita ko makamancinsu zuwa lambar da ka tabbatar ta masaukin ce, ka adana shaidar. Ka tambayi sharaɗin fasawa. Mai kwana uku zuwa sama ya nemi ragi, ba abin kunya ba ne, musamman a gidajen baƙi.

3. Isowa da cika takarda

Daga Tawa tafiyar ta haura kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Ka shiga motar asuba ka iso da rana a sama. Mai saukowa a filin jirgin Diori Hamani ya tambaya tun da wuri ko masaukin na aiko da mota, da kuma ko biya ake yi.

Galibi ana ba da ɗaki daga wajen ƙarfe 2 na rana, a karɓe shi ƙarfe 12 na ranar tafiya. In ka riga lokaci, ka bar kayanka a wurinsu ka karɓi shaida, ka zauna a lambu. A ƙofa masu gadi za su duba mota da jaka; ka ba su haɗin kai, don lafiyarka ake yi.

Za a ba ka takardar da ake cika wa kowane baƙo: suna, lambar kati, inda ka fito. Su kwafi katinka su mayar maka, kada ka bar shi ya kwana a hannunsu. Wasu wuraren suna karɓar kuɗin ajiya saboda abin da za ka ci ko ka sha. Ka karɓi rasit, a kansa za a mayar maka. Kafin ka bar teburin ka tambayi lambar wifi, lokacin karin kumallo, lokacin buɗe ruwa da rufe shi. In kana son tausa, yanzu za ka kama lokacinta, kada ka bari sai gobe.

4. Minti goman farko a ɗaki

Kada ka sallami yaron da ya ɗauko maka kaya tukuna. Ka ce, "Samari, ɗan tsaya mu duba tare." Ka kunna kilim ka ji ko yana sanyi, ko kuwa yana ɗigar ruwa. Ka buɗe famfo, na zafi da na sanyi. Ka ja ruwan masai. Ka ɗaga bargo ka dubi zanin gado. Ka duba ragar taga ko ta yage, ka gwada sakatar ƙofa. Abin da bai yi ba ka faɗa nan take cikin ladabi. Canja ɗaki yana da sauƙi kafin ka baje kaya. Sannan ka ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa.

Ƙaramin firigon da ke ɗakin shi ne tarkon baƙo. Lemo da gyaɗa da cakulan da ke ciki na sayarwa ne, da tsada kuma, takardar farashinsu tana nan kusa. Ruwan da aka ajiye a kan tebur shi ne yawanci kyauta, shi ma ka tambaya. In akwai giya a ciki, ka ce a kwashe, za su kwashe ba gardama, ka samu wurin sa ruwanka da furarka.

Kuɗi da takardu su shiga akwatin ƙarfe mai lamba da ke cikin kabad. Ka gwada kulle shi da buɗe shi yana fanko kafin ka zuba komai. In babu shi, ka riƙe kuɗinka a jikinka.

Alƙibla a Yamai gabas ce, ka ɗan karkata hagu wajen arewa. In ba alama a ɗakin, mai gadi ya sani.

5. Cin abinci

Karin kumallo a manyan wurare jera shi ake yi a tebur, kowa ya ɗiba da kansa, kuma kana iya komawa sau biyu ko uku. Ka ɗibi kaɗan-kaɗan, kowane zuwa da sabon faranti. Abin da ba a yi shi ne ƙullewa a leda a tafi da shi ɗaki. Akwai mai soya ƙwai a gefe, ka gaya masa yadda kake so. Yankakken nama mai ruwan hoda da tsiran Turawa kuwa, ka tambaya kafin ka taɓa: "Malam, wannan naman me ne?" Wasu na sa ne ko talotalo, wasu na alade ne. Haka miyar Turawa da rana ko da dare, wata da giya ake dafa ta. Ma'aikatan galibi Musulmi ne 'yan'uwanka, za su gaya maka gaskiya.

Da dare, in dai kana Yamai, ka ci kifin kogi. Giwan ruwa gasasshe, wanda suke rubutawa kapiten, da soyayyen dankali ko ayaba, shi nake fara nema. Tsire ma ba ya ba da kunya. A gidan baƙi kana iya gaya wa mai dafa abinci tun da safe cewa dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, kake so, ko tuwo miyar kuka, ya je kasuwa ya haɗo. Hajiyata takan shiga har kicin su gaisa da mai girkin, kuma na lura daga ranar abincinmu yakan canja.

In aka kawo takarda ka sa hannu don a haɗa da kuɗin ɗaki, ka karanta ta tukuna, ka ɗauki hotonta. Kawo abinci ɗaki yakan fi tsada a kan cinsa a gidan abincin. Mai raunin ciki ya bar ɗanyen ganye da ƙanƙara, ya sha ruwan gora da aka buɗe a gabansa. In azumi ne, a yi maganar sahur tun ranar isowa, don kicin yakan rufe da dare. In kuma kuɗin aljihu ya fara ƙarewa, ka ci karin kumallo sosai, da rana ka fita gari ka ci, ka bar na dare kawai a masaukin.

6. Shiga ruwa

Ka fara zuwa da kayanka a jiki ka duba. Ruwa mai kyau kana hango ƙasansa tar. In ya yi kore ko ya yi duhu, ko gefensa na santsi, ka haƙura. Ka nemi lambobin zurfi da aka rubuta a bakinsa, ka san gefen da ke kai ƙugu da gefen da ke shanye mutum.

Da bazara ka shiga da sassafe ko bayan la'asar. Tsakar rana daɓen wurin yana ƙona tafin ƙafa. Da hunturu bayan azahar ya fi. Ka watsa ruwa a shawar da ke gefe kafin ka shiga, ka sake watsawa in ka fito, saboda maganin da ake zuba wa ruwan yana busar da fata. Ka bi da man kaɗe. Tawul na wurin ruwa daban yake da na ɗaki, a can ake karɓa. Wanda bai iya ruwa ba ya sauka ta matakala a gefe mara zurfi, ya riƙe bango, kada ya yi tsalle don ya ga wasu na yi.

Yara kuwa, ina roƙonka da Allah. Yawancin gidajen baƙi ba su da mai tsaron ruwa. Yaro in zai nutse ba ya ihu, shiru yake tafiya, cikin ɗan lokacin da za ka duba saƙo a waya. Babba ɗaya ya ajiye waya ya zauna a bakin ruwa, idonsa a kansu, har su fito. Robar da ake hurawa a sa musu a hannu ba ta maye gurbin ido. In ɗakinku yana buɗewa ta wajen ruwan, a sa sakata da dare.

'Yar'uwa da ke son shiga amma ba ta son idon maza, ta tambayi lokacin da ba kowa. Ranakun aiki da hantsi wurin yakan zama fayau, Asabar da Lahadi kuwa 'yan gari na biya su shigo. A ƙaramin gida mai shi yakan yarda ya keɓe muku awa ɗaya in kun nema. Kada a ɗauki hoton da zai haɗa da mutanen da ba naku ba. Hadari in ya taso da walƙiya, kowa ya fito. Kogin kuma a bar shi a kallo: akwai dorina, akwai tsargiya.

7. Tausa da wankan tururi

Sashen da suke kira spa abu uku ne galibi: tausa, ɗakin tururi mai laima da ake ce wa hamam, da ɗakin katako mai busasshen zafi da ake ce wa sona. Wasu sun haɗa da gyaran jiki na mata, dilka da gyaran farce. Kusan ko'ina tausa biyanta daban ne, ko da ruwa kyauta ne.

Lokacin kama wuri ka tabbatar da abu uku: jinsin mai tausar, minti nawa, nawa ne. Kada ka je da cikakken ciki, ka bar kamar awa biyu bayan abinci. Ka yi wanka, ka cire agogo da zobe, ka riga lokacin da minti goma, don in ka makara daga naka ake yankewa.

Kafin a fara, ka faɗi lafiyarka. Mai hawan jini ko ciwon zuciya, da mai juna biyu, su nisanci hamam da sona sai da izinin likita. Mai ciwo a fata, ko wanda aka yi wa aiki kwanan nan, ko mai kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, kada a matsa masa wurin. Ba dole ne ka tuɓe duka ba. Ka bar gajeren wandonka, a rufe ka da tawul, a buɗe inda ake aiki kawai. Kana da ikon cewa baya da kafaɗa da ƙafa kaɗai kake so. In hannu ya yi nauyi ka ce a sassauta. Mu mun saba da cije haƙori, amma a nan jurewa ba ta da lada, gobe ne za ka tashi jiki na ciwo.

A ɗakin zafi, sabon shiga kada ya wuce minti goma. Ka zauna a benci na ƙasa, ka sha ruwa kafin da bayan. Jiri in ya fara, ka fita nan take. Da bazarar Yamai ni ba na shigarsa sam, zafin waje ya isa. Bayan tausa ka tashi a hankali, ka koma ɗaki ka kwanta. Shi ya sa na fi son sa ta tsakanin la'asar da magariba, ranar da ba ni da sauran fita.

In ba a samu mai tausa jinsinka ba, ka fasa, ba wanda zai ga laifinka. Ka nemi bokitin ruwan ɗumi da gishiri ka tsoma ƙafa, ma'aurata kuma ga man kaɗe nan a jaka.

8. Maraice

Ka bar wa kanka yammaci ɗaya a bakin kogi, ka ga rana na faɗuwa ta bayan gadar Kennedy, masu kwalekwale na komawa gida. Ka shafa maganin sauro kafin magariba, ka ce a fesa wa ɗakin magani lokacin da kuke cin abinci. In za ka fita, gidan tarihi na Bubu Hama ya dace da yara, ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata kuma nan ake samun jaka da takalmin fata da azurfar Buzaye. Ka bar masaukin su kira maka direban da suka sani, ku yi ciniki kafin ka shiga. Baƙon da ya zo gaishe ka, ka tarbe shi a falo ko lambu. Wurare da yawa ba sa barin wanda bai yi rajista ba ya wuce ɗaki.

9. Biya da tafiya

Tun daren ƙarshe ka nemi a fitar maka da lissafi. Ka zauna da shi da hotunan takardun da ka sa wa hannu, ka bi layi-layi: yawan kwana, abinci, wanki, firigo, tausa. Kuskure yakan faru, a sa maka abincin wani ɗaki, kuma gyara shi da dare cikin natsuwa ya fi gyara shi da safe mota na jiranka. In motarka ta yamma ce, ka roƙi ƙarin awa biyu tun da safe, ko ka bar kaya a wurinsu.

Ka buɗe akwatin ƙarfe ka bar shi a buɗe, ka leƙa ƙarƙashin filo da bayan ƙofar banɗaki, ka zare caja daga bango. Ka bar wa mai gyaran ɗaki jika ɗaya ko biyu a hannunta, ita ce ta fi kowa wahala kuma ita ce ba a gani. Ka karɓi kuɗin ajiyarka da rasit mai hatimi. In wurin ya yi maka, ka karɓi lambar manajan kai tsaye, zuwa na gaba da shi za ka yi ciniki. Kilishin tsaraba kuma ka saye shi da safen ranar tafiya, ka ce a naɗe maka a takarda, don leda tana sa shi gumi kafin ku kai Doso.